Lambobin da suka kai ka Kamaru

Auwalu, ka ce mai gonar nan ta bakin hanyar Daura ya turo maka lambobin inda za mu haƙa masa burtsatse, ka sa a Google Maps, sai ga ka a Kamaru, kana tambaya ko waya ce ta samu matsala. Wayarka lafiya lau take. Kai ne ka juya lambobin.

Ta farko latitud ce, wato nisanmu daga layin ikwaita zuwa arewa. Ta biyu longitud, nisanmu zuwa gabas daga layin Girinwich da ke Landan. Birnin Katsina yana wajen 12.99, 7.60, Daura kuma wajen 13.03, 8.32. Ka haddace su kamar lambar wayar mahaifiyarka. A aikinmu na nan yankin, babbar lamba ce a gaba, ƙarama a baya, waƙafi a tsakani. Ka sa 7.60 a gaba, shi ya jefa ka Kamaru. Da alamar debewa ce ta maƙale a gaban 7.60, da a Mali za ka tsinci kanka, kusa da Bamako, don debewa yamma take nufi.

Wannan kuskuren mai sauƙi ne, ana gani a gane. Wanda nake tsoro shi ne na digiri da minti. Wani zai rubuto 12°59', kai kuma ka buga 12.59. Ba ɗaya ba ne! Minti 60 ke cika digiri ɗaya, don haka raba 59 da 60 za ka yi, ka samu 0.98, ka haɗa da 12 ya zama 12.98. Digiri ɗaya kuwa wajen kilomita 111 ne. Ka ga ɗan kuskuren nan ya kai ka fiye da kilomita 40 kudu, kuma taswira za ta nuna maka gona sak irin wadda kake nema. Haka muka taɓa kai injin haƙa gonar wani bawan Allah, muka ƙona mai a banza, har yau direban bai daina yi mini tsiya ba.

Kada ka yanke lambobin bayan ɗigo don ƙiwuyar rubutu. Guda biyu kilomita guda suke bar maka kana lalube, huɗu mita 11, biyar kamar mita ɗaya. Biyar nake so.

In kuma takardar safiyo aka ba ka, mai dogayen lambobi na mita, kada ka buga su a Google Maps, wani tsarin ne daban, kawo mini. Waya ba ta yanke iyakar fili, kai mu wurin kawai take yi.

Yanzu kira Alhajin, ka ce ya tsaya daidai inda yake son rijiyar, ya danna wurin a taswira ya riƙe har jar alama ta fito, ya kwafo lambobin ya turo ta WhatsApp. Ka nuna mini kafin a tayar da mota.