Mai fassara daban, tafinta daban

Malam, ka ce ka nemi mai fassara ya yi muku aiki a taro, ya ce ba fanninsa ba ne, kana tambaya ko akwai bambanci. Akwai, kuma tafinta kake nema. Mai fassara da rubutu yake aiki: ya buɗe ƙamus, ya goge, ya sake, wani lokaci har ya kwana da jimla ɗaya a ransa. Tafinta kuwa da baki yake yi, magana na fitowa yana juya ta, babu damar komawa baya.

Sai dai ku daidaita kan irin tafintan tun kafin ranar. In mai jawabi zai riƙa dakatawa tafinta ya juya abin da ya faɗa, mutum ɗaya da ɗan littafinsa ya isa, amma lokacin taron zai kusa ninkuwa. In kuwa tafinta zai riƙa magana tare da mai jawabi, ana saurarensa ta na'urar kunne, mutum biyu za ka ɗauka, suna karɓa-karɓa duk bayan minti 20 zuwa 30. Na taɓa yin ƙarfin halin yi ni kaɗai, kafin awa guda alƙaluma da sunaye suka fara zube mini, ina ji ina gani. Ka kuma aika musu takardun jawabin da wuri su duba.