Kiɗan tirelar fim ɗin tarihi

Kai yaro, wai tambaya kake wane kiɗa za ka ɗora wa tirelar fim ɗin tarihi, wato gajeriyar tallarsa, don ta kama zuciyar mai kallo. Daidaita murya da share hayaniya ba zan ɓata yawuna a kansu ba, wanda bai iya su ba me ya kawo shi situdiyo?

Kafin ka taɓa fiyano, san mai kowane kiɗa. Tambari da kakaki na sarki ne, ba a busa wa attajiri kakaki komai dukiyarsa. Kalangu kuwa na mahauta ne da 'yan mata a dandali. Kunnen Bahaushe ya san wannan tun yana goye.

Ka ma tuna min da wani furodusa, Allah ya isa tsakanina da shi. Ya kawo min fim kan yadda Turawa suka ci Kano a 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Na ɗauko mabusa na gaske, na sallame su daga aljihuna. Ranar Hawan Daushe na bi dawaki da makirfo, ina ɗaukar sukuwa da ƙarar linzami, ƙura har cikin haƙorana. Na jera abina: tambari a hankali, kakaki sau ɗaya tak, sai na yanke komai. Ganuwa kawai ake gani, tsit, sannan igwa ta tashi. Kunne ya riga ya saba da bugun, yana jiran na gaba bai zo ba, a nan tsigar jiki ke tashi.

Mutumin nan ya saurara ya ce, "Malam, kamar na'urarka ta ɗauke a nan." Ya karɓi aikin a filashi wai zai nuna wa abokan hulɗa, ashe wurin wani yaro sa'anka ya nufa. Aka cike min shirun da fiyano da kalangu. Mayaƙa na zubewa a bakin ganuwa, ana kiɗan kamun amarya! Cikon kuɗina kullum sai gobe. Shekara na zagayowa na ji kakakina a tallar wani fim ɗinsa, ko sunana babu.

Ku yaran yanzu TikTok ya lalata muku kunne, daƙiƙa biyu ba kiɗa sai ku firgita. Tashi ka cire gogen Turawan nan da ka sauko daga intanet, ka nemo min mai algaita. Kuma kada filashin kowa ya shiga kwamfutar nan sai na ga alat.