Tambaya da Amsa: Dogara ga Allah Idan Rayuwa Ta Yi Tsanani

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda mai bi zai riƙe bangaskiyarsa a cikin wahala. Mun zaɓi huɗu. Fasto da ma'aikaciyar jinya da ke kula da wannan fili a nan Jos ne suka amsa tare, kuma mun ɓoye sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Baba Fasto, salama a gare ku. An kashe maigidana a harin da aka kai ƙauyukan Bokkos a jajibirin Kirsimeti na 2023. Yanzu ina zaune wurin ƙanwata da yara uku. Tun daga ranar na kasa addu'a kamar dā. In na durƙusa sai fushi ya taso mini, in ji ina tambayar Allah ina yake a daren nan. Matan zumunta suna ce mini in yi shiru, nufin Allah ne, mai bi ba ya gunaguni. Na bar bangaskiya ke nan? *Wata 'yar'uwa, Tudun Wada.*

AMSA: Sannu 'yar'uwa, sannu da haƙuri. Allah ya ta'azantar da ke, ya raya miki yaran. Ba ki bar bangaskiya ba. Wanda ya bar bangaskiya ba ya ma durƙusawa, balle ya tsaya tambayar Allah inda yake.

Matan zumunta alheri suke nufi, amma sun haɗa abu biyu da Littafi Mai Tsarki ya raba. A Fitowa sura 16 Isra'ilawa sun yi gunaguni, suna magana a kan Allah a tsakaninsu, zuciyarsu ta koma tukwanen naman Masar. Ke kuwa kukanki wurin Allah kike kai wa, kuma haka Dawuda da Irmiya da Ayuba suka yi. Cikin Zabura 150, kusan kashi ɗaya bisa uku kuka ne da koke. Ayuban da muke yawan ambato a gidan makoki, wanda ya ce Ubangiji ne ya bayar, shi ne ya karɓa, shi ne kuma a sura 3 ya la'anta ranar da aka haife shi. Daga nan har sura 31 yana ta jayayya, yana neman a ba shi dalili. Abin lura, a Ayuba 42:7 abokansa masu neman kāre Allah su aka tsawata wa, aka ce ba su faɗi gaskiya game da Allah kamar Ayuba ba. Har littafin ya ƙare ba a gaya wa Ayuba dalilin abin da ya same shi ba. Don haka duk wanda ya zo ya ce miki ya san dalilin da ya sa aka kashe mijinki, ya faɗi abin da bai sani ba.

Ayar da aka fi jefa wa masu makoki, 1 Tasalonikawa 4:13, ba ta hana baƙin ciki ba. Irin baƙin cikin marasa bege ta hana. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi, kuma a kan gicciye kalmomin farko na Zabura 22 ya ɗauka, yana tambayar Allah don me ya yashe shi.

Ga abin da za ki yi. Kada ki tilasta wa kanki doguwar addu'a irin ta dā. Ki ware minti biyar zuwa goma a lokaci guda kowace rana, ya fi kyau da hantsi bayan yara sun tafi makaranta, domin dare shi ne lokacin da tunani ya fi yin nauyi. Ki buɗe Zabura 13, ayoyi shida ne kacal. Ayoyi biyu na farko tambaya ce, "har yaushe" sau huɗu. Biyu na tsakiya roƙo ne. Biyu na ƙarshe dogara ce. Ki karanta da murya, sannan ki bi wannan tsari da bakinki: ki faɗa wa Allah abin da ya faru da sunan mijinki da sunan ƙauyen, ki roƙi abu ɗaya da kike bukata yau, ko barci ne, ko kuɗin makarantar babban yaron, sannan ki ambaci abu ɗaya da har yanzu kika san gaskiya ne game da Allah. Ranar da kika kasa kaiwa kashi na uku, ki tsaya a na biyu. Zabura 88 ma a cikin duhu ta ƙare, ba a cire ta daga Littafi ba. Inda mutane ke kuskure shi ne su jira sai fushin ya huce kafin su koma addu'a. Wata ya wuce, shekara ta wuce, kunya ta shiga, daga nan zuwa sujada ma ya gagara.

Ki nemi mace ɗaya, ba zumunta duka ba, wadda ta iya riƙe magana, in da hali wadda ita ma ta taɓa rasa miji, ki riƙa zama da ita mako-mako.

Sai batun jiki. Da Iliya ya gudu jeji yana roƙon mutuwa a 1 Sarakuna 19, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu. Baƙin cikin rashi yakan ɗauki watanni, wannan ba ciwo ba ne. Amma idan har yanzu kina mafarkin harin, kina firgita da ƙarar babur ko buga ƙofa, ko kin yi fiye da mako biyu ba ci, ba barci, ba ƙarfin kula da yara, to abin ya zama ciwon da ake magani. Ki je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko ki gaya wa likita a asibitin da ya fi kusa ya tura ki. Zuwa can ba alamar hauka ba ce. In kuwa tunanin kashe kanki ya zo miki, ki gaya wa ƙanwarki a ranar, ku tafi asibiti a ranar. Ki lura da yaran ma: fitsarin kwance ga wanda ya daina, yawan faɗa, ko shirun da ba a saba ba, duk alamu ne.

TAMBAYA: Ina da hawan jini da ciwon suga shekara shida. A wani wurin addu'a an ce mini zunubi ne ko ƙarancin bangaskiya, in zubar da magunguna, in yi azumin kwana bakwai ba ci ba sha, in kuma ba da baiko na musamman. Shan magani rashin dogara ga Allah ne? *Wani dattijo, Bukuru.*

AMSA: Baba, kada ka zubar da maganin nan. In ka riga ka daina sha, ka je a auna ka yau, ka gaya wa likita kwana nawa ka yi ba ka sha ba.

Hawan jini ba ya yawan nuna alama. Mutum zai daina magani ya ji garau, har ya ba da shaida a gaban jama'a, alhali jinin ya haura 140 bisa 90 yana ɓarna a ɓoye, a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da idanu. Ƙarshenta shanyewar ɓarin jiki. Azumin ba ci ba sha kuwa ga mai ciwon suga hatsari biyu gare shi. In ka sha magani ba ka ci ba, suga zai iya faɗuwa, ka ji rawar jiki, gumi, jiri, har suma. In ka bar maganin, suga ya hau, ruwan jiki ya ƙare, ƙoda ta wahala. In kana son azumi, ka tambayi likitanka irin wanda jikinka zai ɗauka, kamar barin nama, ko barin waya da rediyo don samun lokacin addu'a.

Batun zunubi kuma, almajirai sun yi wa Yesu wannan tambayar game da wanda aka haifa makaho a Yahaya 9, ya ce ba laifinsa ba ne, ba na iyayensa ba. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alheri ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:7-9). Bulus ɗin nan ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas, ya ba Timoti shawara kan ciwon cikinsa, kuma abokin tafiyarsa Luka likita ne. Sarki Hezekiya, bayan Allah ya yi alkawarin ƙara masa shekara 15, sai da Ishaya ya ce a shafa masa curin ɓaure a kan marurun. A nan Filato ma, masu bishara ne suka gina asibitin Vom da na Jankwano, ba su ga wani saɓani tsakanin addu'a da allura ba.

Ka bi Yakubu 5:14, ka kira dattawan ikkilisiyarka su yi maka addu'a su shafa maka mai, muna gaskata Allah yana warkarwa. In ka ga kamar ka warke, ka je a auna ka sau da dama, likita ne zai rage magani da kansa. Kutare goman da Yesu ya warkar ma wurin firistoci ya tura su a tabbatar. Amma duk wanda ya sa wa warkarwa farashi, ka karanta abin da Bitrus ya gaya wa Siman, wanda ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, a Ayyukan Manzanni 8:20, ka riƙe kuɗinka ka sayi magani da na'urar auna jini.

TAMBAYA: An sa ni cikin kwamitin ziyara na ikkilisiyarmu. In na shiga gidan makoki ban san abin da zan ce ba. *Wani ɗan'uwa, Anguwar Rukuba.*

AMSA: Rashin sanin abin faɗa ba aibi ba ne, ɗan'uwa. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, a lokacin ne suka fi yi masa amfani. Ka gaisa, ka zauna, ka bar mai gida ya ja zancen. Minti ashirin zuwa talatin sun isa. Ka nemi izini kafin ka yi addu'a, ka gajarta ta, ka ambaci sunan mamacin.

Ka guji "Allah ya fi mu son shi", musamman a gaban yara, domin yaro zai ɗauka Allah ne ya ƙwace masa uba. Ka guji "ai kina da sauran ƙuruciya, za ki sake haihuwa". Romawa 8:28, wadda ta ce kowane abu yana aiki domin alherin masu ƙaunar Allah, gaskiya ce, amma a makon farko kunne ba ya ɗaukarta, kuma ta fi kyau idan mai makokin ne ya kai gare ta da kansa.

Babban kuskuren kwamitoci shi ne kowa ya cika gidan kafin jana'iza, bayan kwana goma kuma ba kowa. Ku yi jadawali a rubuce: wa zai je bayan mako biyu, wa bayan wata ɗaya, wa a ranar da shekara ta zagayo, wa a Kirsimeti na farko. Kada ku ce "in kina bukatar wani abu ki faɗa", ba za ta faɗa ba. Ku kai abin da hannunku: mudun masara ko acca, mai, sabulu, gawayi. Ku tambayi ranar biyan kuɗin haya da na makaranta, ku rubuta, ma'aji ya biya kai tsaye ya karɓi rasit. Namiji kada ya je wurin gwauruwa shi kaɗai, ku tafi biyu, ɗaya mace. Kuma ku sa ido kan dangin miji. Ku taimaka mata ta adana takardar aure, takardar shaidar mutuwa, takardun fili da na banki a wuri amintacce. In an fara kwashe kaya, dattawa su shiga tsakani da wuri, in ya gagara a kai ta wurin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

TAMBAYA: An ƙona mana gona da rumbu. Fastonmu ya ce mu gafarta mu bar wa Allah. Kai ƙara rashin gafara ne? *Wani matashi, Dadin Kowa.*

AMSA: A'a, ɗana. Romawa 12:19 ramuwa da hannunka ta hana, kuma sura ta gaba ta ce hukuma ce aka ba aikin hukunta mai laifi. Bulus da kansa ya tsaya kan haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma lokacin da za a yi masa bulala, daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. Abin da aka hana ka shi ne ka huce a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, don kawai addininsa ko ƙabilarsa ɗaya da wanda kake zargi. Jos ta ga inda wannan hanya take kaiwa a rikice-rikicen 2001, da 2008, da 2010. Ka ɗauki hoton ɓarnar da wayarka, ka rubuta rana da lokaci da yawan buhunan da suka ƙone, ka samu shaidu biyu, ka sanar da mai unguwa, sannan ku kai rahoto ofishin 'yan sanda tare da dattijo ɗaya daga ikkilisiya, ka nemi kwafin rahoton ka ajiye.