Wai ba na saurarenta

Tambaya: Inna, ina sayar da atamfa a babbar kasuwar Maradi. Shekararmu 6 da aure da matata, ban rage ta da ci ko sutura ba, amma kullum kukanta ɗaya: wai ba na saurarenta. Alhali da ta buɗe baki nake ba ta mafita. Ina laifina?
Daga wani magidanci, unguwar Zariya.

Amsa: Ɗana, da bakinka ka faɗi laifin: "da ta buɗe baki". Ba ka bari ta kai aya. A rumfa saurin baki ke kawo ciniki, don mai saye ba ya jira, amma matarka ba tayin atamfa ta zo yi ba.

Ni ma na yi wa 'yata ta fari haka. Wata yamma ta zo daga Tibiri, ta same ni ina tuƙa tuwo, ta durƙusa bakin murhu ta ce, "Inna, gidan nan..." Ban bari ta ƙarasa ba, na hau ta da nasihar haƙurin zaman aure. Ta ce to, ta yi sallama kafin magariba. Sai bayan wata biyu na ji a bakin maƙwabciyarta cewa ɓari ta yi, ta zo ne ta gaya wa uwarta. Har yau in na tuna, tuwo ba ya wuce mini.

Kuma ai ka iya shirun. Ranar Juma'a liman na huɗuba, ko "yi shiru" ba ka ce wa na kusa da kai, don hadisin Abu Huraira da ke Bukhari da Muslim ya kira hakan yasasshiyar magana. A fada ma, wurin hira da abokai, kana zaman jiran shayi, na farko har na uku, ba ka taɓa gaggauta mai dafawa ba.

Sai dai ba shirun fushi nake nufi ba. Wannan gaba ce, Annabi (SAW) kuwa ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana 3.

Yau bayan isha'i ka kife salula, ka zauna kan tabarma ɗaya da ita. In ta ɗan tsaya tana wasa da gefen zane, kada ka cike gurbin, galibi a nan ne abin da ya kawo ta yake fitowa. "Ina jinki" ta ishe ka. In ta gama, ka tambaye ta ko shawara take so. In ta ce a'a, ka bar maganar ta kwana.

Ka sake rubuto mini bayan mako biyu, ina so in ji yadda kuka yi.