Amsa ga mai koyon aiki: kuɗin tikiti, rabon matsayi da ɗage ranar wasa

Ɗana, tambayoyi uku ka aiko mini game da babban wasan waƙa da rawa da muke shiryawa a nan Yamai. Ka tambayi dalilin da ya sa muka yanka tikiti jika 5, wato sefa 5,000, alhali mutanen unguwarku suna kukan ya yi tsada, da dalilin da ya hana mu ba fitacciyar mawaƙiyar nan babban matsayi duk da cewa sunanta kaɗai yana iya cika zaure, da kuma dalilin ɗage ranar buɗewa bayan an riga an manna takardun talla a gari. Na ji daɗin tambayoyin, domin wanda zai riƙe dandamali wata rana tilas ne ya san lissafin da ake yi a bayan labule. Dukansu uku tushensu ɗaya ne: wasan dandamali ba a naɗe shi a ajiye, kowane dare sai an sake yin sa daga farko da muryoyi da ƙafafun mutane masu rai, waɗanda ke cin abinci, suna gajiya, suna kuma yin rashin lafiya.

Mai shirya fim yana biyan ƴan wasansa sau ɗaya, daga nan a yi ta kallon aikinsa shekara da shekaru ba tare da ya sake tara kowa ba. Mu kuwa idan wasanmu na mutum 40 ne a daren farko, mutum 40 ɗin nan za mu sake tarawa mu biya a dare na goma. Wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, sun bayyana wannan matsala tun a 1966. Sun nuna cewa masana'anta tana iya sayen inji ta rage ma'aikata, kayanta su yi araha, amma kiɗan da aka tsara wa makaɗa huɗu har gobe makaɗa huɗu yake bukata, kuma ba ya yiwuwa a kaɗa shi da sauri don a rage lokaci. Saboda haka duk sa'ad da rayuwa ta yi tsada, kuɗin wasan dandamali sai ya bi ta.

Yanzu ka ɗauki alƙalami mu yi lissafi irin wanda nake yi kafin in furta farashi. Akwai hayar zaure, ta daren wasa da ta kwanakin bita. Akwai hayar lasifikoki da fitilu da ƙananan makirufo da ake maƙala wa mawaƙa a kunci, waɗanda kowannensu sai an sa masa sabon batir kafin a ɗaga labule, don ba a yarda da batirin jiya. Akwai janareta da man da zai sha, tunda ba mai hankalin da zai tara jama'a ya dogara da wutar gari kaɗai, balle a watannin zafi. Akwai tela da kafinta da mai walda, da haƙƙin masu waƙoƙi da ake biya ta hannun BNDA, hukumar kare haƙƙin mallakar masu fasaha ta Nijar. Sannan ga abin da ya fi cin kuɗi ba tare da kowa ya gan shi ba, wato abincin rana da kuɗin taksi na masu kalangu da gurumi da algaita da ƴan rawa, kullum, tsawon watanni biyu ko uku na bita. Mu ƙaddara duka sun tashi sefa miliyan 12, zauren yana da kujera 1,000, kuma dare 4 za mu yi. Sabon shiga zai raba kuɗin a kan kujera 4,000 ya ce jika 3 ta isa. Wanda ya daɗe a sana'ar yana yin lissafinsa a kan kujera 600 a kowane dare, wato 2,400 ke nan, sai farashin ya tsaya a jika 5, kuma ko dala ta riba ba ta shiga ciki ba.

Za ka ce ina sauran kujeru 400 suka tafi. Wasu za su kwana ba kowa a kansu, musamman a tsakiyar mako. Wasu kuwa katin gayyata ne yake cinye su, kuma a nan raina yake ɓaci. Sahun gaba, wanda ya kamata ya fi kowane kawo kuɗi, shi ne muke cikawa da manyan mutane da iyalansu kyauta, alhali su ne suka fi kowa ƙarfin biya, sai nauyin ya koma kan malamin makaranta da ɗan kasuwar da suka yi layi a ƙofa. Wannan ɗabi'a tana da asali. A zamanin samariya, da bikin matasa na ƙasa da aka soma a Damagaram a 1976, hukuma ce take ɗaukar nauyin ƙungiyoyin wasa, kuma su Yazi Dogo sun shiga gidajen mutane ta rediyo da talabijin ba wanda ya biya kuɗin shiga. Wannan zamani ya gina mana masu son wasa, amma ya bar su da tunanin cewa wasa abin kallo ne na kyauta.

Duk da haka mutanen unguwarku suna da gaskiyarsu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata tun 2024, saboda haka jika 5 ta kusa kashi ɗaya cikin takwas na wahalar mutum ta wata guda. Maganin da na sani shi ne a rarraba farashin: sahun gaba ya biya jika 10 ko fiye, na baya jika 2, a kuma ware wasan yamma ɗaya na ɗalibai. Ko a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta birnin New York, inda tikiti yake da tsada sosai, tun 1973 akwai rumfar TKTS da ke sayar da ragowar tikitin ranar a kan rahusa, domin kujerar da ta kwana ba kowa ba a sake sayar da ita.

Batun mawaƙiyar kuwa, ba raini ba ne, muryarta ta fi ta duk wanda ke cikin ƙungiyarmu. Amma ka tuna gwajin da nake yi wa kowa: in sa mutum ya yi rawa minti biyar ba tsayawa, kiɗa na yankewa ya kama waƙa nan take. Wanda ya saba rera waƙa a ɗakin naɗar sauti, inda ake tsayawa a sha ruwa a sake, za ka ji numfashinsa yana tsinka baiti gida biyu, kafaɗunsa suna hawa da sauka, ƙarshen kalma yana ɓacewa. Yarinyar da muka zaɓa ta gama rawar ta ja baitin har ƙarshe, kuma na zauna a kujerar ƙarshe na ji kowane harafi. Bayan wannan, babban matsayi yana bukatar wanda zai zo bita kullum. Fitacciyar mawaƙiya tana da bukukuwan aure da tafiye-tafiye zuwa Maraɗi da Tawa da Kano, kuma ba laifinta ba ne, da su take ci da iyalinta. Sai dai duk ranar da ba ta zo ba, mutum 39 sun ci abinci sun karɓi kuɗin taksi a banza. Shi ya sa muka roƙe ta ta karɓi fitowa ɗaya mai waƙa biyu, wadda za ta iya haddacewa cikin mako guda, sunanta ya hau takardar talla da gaskiya.

Kada kuma ka manta da ƴan ko-ta-kwana. Kowane babban matsayi sai an koya wa mutum na biyu shi, a ɗinka masa kayansa, ko da ba zai taɓa fitowa ba. A manyan gidajen wasa na Landan da New York, inda ake wasa sau 8 a mako, ba a buɗe wasa sai da su. A nan ma zazzaɓin cizon sauro a damina, ko hazon hunturu da ke shaƙe murya, ya isa ya kwantar da jarumi a ranar da aka sayar da tikiti duka.

Ɗage rana shi ne mafi ɗaci cikin ukun, kuma ba ƙananan ƙungiyoyi kaɗai yake samu ba. Wasan Spider-Man na Broadway ya ci kimanin dalar Amurka miliyan 75. An soma nuna shi na gwaji a ranar 28 ga Nuwamba 2010, aka yi ta ɗage buɗewarsa har zuwa 14 ga Yuni 2011, bayan nunin gwaji 182. Igiyoyin da ke shawagi da ƴan wasa a saman ƴan kallo sun yi ta ba da matsala, wani ɗan wasa ya faɗo ya ji mummunan rauni a Disamba 2010, aka sauya mai ba da umarni, aka sake rubuta labarin, kuma da aka rufe wasan a Janairu 2014 bai mayar da kuɗin da aka zuba ba. Abin da nake so ka lura da shi a nan shi ne, kuɗi ba ya sayen kwanakin da haɗa aiki yake bukata.

Namu dalilin ƙarami ne amma irinsa ne. Waƙa ta nuna, rawa ta nuna, sai dai ba mu taɓa haɗa su da fitilu da sauya kayan dandamali a zauren da kansa ba. Kai ma ka ga abin da ya faru da muka gwada sauya fage daga kasuwa zuwa fada: an kashe fitila, masu ɗaukar kaya shida suka shiga cikin duhu suna laluben alamun da muka manna a ƙasa, biyu suka yi karo, matakalar sarki ta tsaya a karkace, aka ɗauki minti huɗu a aikin da bai kamata ya wuce daƙiƙa 40 ba. Ɗan rawa ya taka wannan matakala da gudu, karaya ce. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma na gwammace a zage ni a kan ɗage rana da in kai ɗan mutane asibiti.

Zaɓen sabuwar rana ma ba a yin sa da ka. Ana duba azumi da salla, da lokacin jarrabawar ɗalibai, da ƙarshen wata sa'ad da albashi ya shiga hannu. Idan filin a buɗe yake kamar dandalin cibiyar Oumarou Ganda, sai a kauce wa damina daga Yuni zuwa Satumba, domin hadari ɗaya ya isa ya watsa taro ya lalata kayan sautin da aka ɗauko haya. Ana kuma tambayar masu zauren tun da wuri, saboda taron hukuma yana iya karɓe ranar da ka sa rai a kanta.

Wanda ya riga ya sayi tikiti bashi yake bin mu, kuma wannan sashen aikin kai nake so ka riƙe. Gobe da safe ka ɗauki littafin da muka rubuta lambobin masu saye, ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ka gaya musu sabuwar ranar da dalilin ɗagewar ba tare da ƙari ko ragi ba. Wanda ya ce a mayar masa da kuɗinsa ka mayar masa cikakku a ranar, kada ka roƙe shi ya haƙura. Kuɗin tikitin suna cikin akwati dabam, ban bari an taɓa su don biyan tela ko kafinta ba. Sababbin takardun talla kuwa kada ka kai su wurin bugawa sai bayan mun yi wasan daga farko har ƙarshe sau biyu a zauren, da kaya da fitilu, ba tare da na ɗaga hannu na tsayar da kowa ba.