Idan kamfanin ɗaliban ya yi asara, ni zan biya iyayen?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon atamfofi da kayan kwalliya a Kaduna na daɗe ina yi. Wata sakandaren 'yan mata ta roƙe ni in riƙa zuwa sau ɗaya a sati ina ba 'yan SS2 shawara, sun kafa ɗan kamfaninsu na ɗalibai za su yi sabulun ruwa, aikin sa kai ne ba biya. Sun sayar wa iyaye da malamai hannun jari 500-500. Abin da ya hana ni barci, in kuɗin nan suka narke wa za a kama? Wata malama ta ce kawai in faɗa wa iyayen duk wanda ya sa 500 zai karɓi 700 ƙarshen tam, in an samu giɓi in cike daga aljihuna. In yi hakan?

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika karɓi aikin nan, amma don Allah kar ki yi. Ko da wasa kar kalmar "zai karɓi 700" ta fito daga bakinki, kuma in malamar ta riga ta faɗa wa wani a je a warware tun yanzu.

Ke 'yar kasuwa ce ba sai na tsaya yi miki bayanin uwar kuɗi da riba ba. Tsarin kamfanin ɗalibai kuma ba jiya aka fara shi ba, ƙungiyar Junior Achievement da aka kafa a Amurka a 1919 ita ta yi suna da shi, ta shigo Najeriya a 1999, a Ingila ma akwai Young Enterprise mai irin wannan aikin. Yadda ake yi kusan ɗaya ne ko'ina: yara su zaɓi manaja da ma'aji da mai kula da talla, su sayar da hannun jari, su yi kaya su sayar, ƙarshen shiri a rufe kamfani a yi lissafi a raba abin da ya rage wa masu hannun jari. Abin da ya rage fa, ko ya fi abin da aka zuba ko bai kai ba. Babu inda aka ce mai ba da shawara ita ce inshorar kamfani.

To wannan tunanin na malamar shi ne ciwon da nake fama da shi kullum, kuma ba yara ne ke kawo shi ba, manya ne. Mutanenmu da yawa sun ɗauka zuba jari yana nufin ka miƙa kuɗi a faɗa maka nawa za su dawo da ranar da za su dawo. In ka ce masa ana iya riba ana iya faɗuwa sai ya ga kamar ba ka san aikinka ba, in wani ɗan damfara mai kwat da waya biyu ya ce masa kashi kaza duk wata ba fashi sai ya ce yauwa ga ƙwararre. Da haka tsarin damfarar zuba kuɗi na MMM ya kwashe mutane, alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, sai ga shi a Disambar 2016 an kulle asusun kowa. An yi kuka an yi rantsuwa ba za a sake ba, Afrilun 2025 wata irinta mai suna CBEX ta maimaita, ita kam ninki ta yi alkawari cikin kwana 30. Kuma gobe wata za ta zo da sabon suna a sake shiga layi, da ma'aikata da 'yan boko da masu digiri biyu, domin ba rashin karatu ba ne, tun farko ne ba a taɓa koya musu cewa kasuwancin gaskiya ba ya iya rantse maka da riba ba.

Yanzu ki duba me 'yan matan nan za su koya in kika bi shawarar. A ce sun tara 50,000, suka yi sabulu, wani ya tsinke bai yi kauri ba, wani aka karɓa bashi, ƙarshen tam 41,000 ke hannu. Ke kuma kika zaro 29,000 a ɓoye kika cike aka ba kowa 700 ɗinsa aka yi tafi aka ɗauki hoto. Yarinya 'yar shekara 16 ta tashi da yaƙinin cewa haka jari yake, ka sa 500 ka ɗauki 700, daga ina ƙarin ya fito ba ruwanka. Wallahi kin gama shirya wa 'yan damfara kwastoma, nan da shekara biyar da sadakinta za ta shiga. Ita ma'ajin da ta san lissafi bai kai ba ta ga an rufe da murmushi, ita kuma darasin da ta ɗauka ya fi muni, wato littafi daban gaskiya daban. Ɗaya 'yar da ta bar jarka a buɗe sabulu ya lalace ba ta ji a jikinta ba sam.

Ko ta fuskar addini ma maganar ba ta tsaya ba. Ki tambayi duk malamin da ya karanta babin ƙiradi, wato wani ya ba da jari wani ya juya shi, riba ana yanka ta ne da kaso, rabi ko sulusi ko yadda aka yi yarjejeniya, ba a yanka ta da adadin kuɗi tsayayye, kuma ba a ɗora wa mai juya kuɗi lamunin uwar kuɗi sai in ya yi sakaci ko ya ci amana. Ka ba da 500 da sharaɗin dole a dawo maka da 700, wannan ai bashi ne da ruwa, ko da sabulu aka lulluɓe shi. Abin mamaki iyayen da za su yi faɗa in aka ce musu kuɗin ruwa su ne za su fi murna da alkawarin nan.

Abin da zai sa ki yi barci shi ne takarda. Shugabar makaranta ta sa hannu a rubuta wa iyaye a fili: wannan karatu ne, kuɗin da kuka sa na iya ƙaruwa na iya raguwa, wanda bai yarda ba ya zo ya karɓi abinsa kafin a sayo kaya. A kuma ƙayyade, kar a bar wani Alhaji ya sayi hannun jari hamsin shi kaɗai don ya burge, ƙaramin kuɗin da in ya tafi ba wanda zai fasa cefane shi ake so. Kuɗin kamfani kar ya kwana a jakarki, kar a yi taransifa zuwa akawun ɗinki ko sau ɗaya, ya zauna wajen makaranta, fitarwa sai da sa hannun ma'aji da malama, kowace naira da rasit. Zamanku da yaran a cikin makaranta, malama na wajen. In hannu na miki ƙaiƙayi sai kin taimaka, ki sayi robar sabulu biyu a farashin da kowa ke saya, ko ki haɗa su da dilan da zai ba su roba da sauƙi amma su za su yi cinikin da bakinsu ke kina gefe.

Za a zo miki da maganar sai an yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, har wani ya ce yana da hanya a kawo kuɗi. Ba ku buƙata. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ba ta yarda wanda bai kai 18 ba ya zama darakta. Haka bikin ƙaddamarwa da rumfa da kujeru da lemo, na sha ganin ya cinye jari kafin a dama sabulun farko, ki hana. Wanda ya kamata ki damu da shi shi ne sodar da ake haɗa sabulun da ita tana ƙona fata da ido, safar hannu da tabarau dole, babba na tsaye. In kuma suna son kai kaya shaguna a waje to nan maganar NAFDAC ta shigo, shi ya sa gara a tsaya cikin makaranta da gidajensu.

Sai inda kuɗin ke zurarewa da gaske, ba lalacewar kaya ba ne, bashin malamai ne. Malama ta ɗauki roba uku ta ce sai an yi albashi, wace ɗaliba ce za ta iya tare ta a ofis ta ce Anti kuɗinmu? Tun zaman farko ki sa su rubuta doka da hannunsu a manna a ƙofa: ba bashi, ko shugabar makaranta ce. Malamar da ta kawo shawarar 700 ita za ki fara roƙa ta sa hannu a ƙasa.