Kwatarkwashi ko Tsafe: da gaske gidan gindin dutse ba ya tsagewa?

Tambaya

Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin makaranta ne a Gusau, saura shekara 2 in yi ritaya. Na sayar da gonar gado na haɗa da ɗan abin da na tara domin in sayi gida in huta da haya, amma kuɗin ba su kai na cikin Gusau ba. An nuna mini gida biyu. Ɗaya a Kwatarkwashi, bayansa jingine da dutse. Ɗaya a Tsafe, a kan fili, ya ɗan fi tsada. Dillali ya ce na Kwatarkwashi har jikokina za su gada, wai ginin kan dutse ba ya tsagewa, ambaliya ba ta hawa tudu, kuma ruwa a gindin dutse yake kwana. Na ga tsaga a bangon ɗaki ɗaya, ya ce ta filasta ce. Yana so in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a. Wallahi ba na iya barci, domin in na yi kuskure ba ni da wata gonar da zan sayar. Wanne gari zan zaɓa?

Amsa

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka ba kowa ko kwabo ranar Juma'ar nan. Gidan da zai kuɓuce maka don ka nemi a ba ka sati biyu ka bincika, dama can ba rabonka ba ne.

Maganar gari ba ta da tsawo. Dukansu a kan hanyar Gusau zuwa Funtua suke. Kwatarkwashi ta fi kusa da Gusau nesa ba kusa ba, kuma Jami'ar Tarayya ta Gusau a wannan ɓangaren take, don haka mai zuwa aiki kullum ya fi samun sauƙi, mai son sa 'yan haya nan gaba ma yana da fata. Sai dai tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Bunguɗu, wato duk takardar da ta shafi sakatariya sai ka ratsa Gusau ka fita ta hanyar Sakkwato. Tsafe kuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ce, ga babban asibiti, ga kwalejin kiwon lafiya, ga kasuwa mai ci, amma ta fi nisa, tana can wajen iyaka da Katsina. Batun tsaro ka fi ni sani. Abin da zan ƙara kawai shi ne unguwa-unguwa ake auna shi: gidan da yake na ƙarshe a bakin gari, ko wanda bayansa daji ne ko tsauni, hukuncinsa daban da na tsakiyar jama'a, a kowanne daga cikin garuruwan biyu. Ka tambayi maƙwabta wa yake kwana a layin, ka ƙirga gidajen da aka kulle aka bari.

Abin da ya dame ni shi ne zancen dillalinka, domin shi nake ji kusan kullum, daga bakin dillalai da birkiloli har da masu boko: wai dutse ya riƙe gida. Wannan magana ta ci dukiyar mutane fiye da yadda ake zato.

Gidan da harsashinsa ya zauna gaba ɗaya a kan falalen dutse lafiyayye, i, ba ya nutsewa. Amma gida nawa ne haka? A gindin tsauni dutsen ba a shimfiɗe yake ba, gangarawa yake yi ya shige ƙarƙashin ƙasa. Sai ka tarar bangon baya yana kan dutse, bangon gaba kuma yana kan ƙasar da ruwa ya yi shekaru yana zubowa daga sama, tsakuwa da yashi da laka, ko ma cikon da mai gidan ya zuba don ya daidaita fili. Dutse ba ya motsi. Ƙasa kuwa tana zama, kuma in akwai laka a cikinta tana kumbura da damina ta tsuke da rani. Rabin gida na tsaye, rabi na sauka a hankali, dole bango ya yage a tsakani. Da a ce duk gidan a kan ƙasa ɗaya yake ya sauka tare, da ko alama ba za ka gani ba. Wato kusancin dutsen da ake yi maka talla da shi, shi ne ya kan jawo tsagar.

To ka koma ka dubi taka da idon basira. Tsagar filasta siririya ce kamar gashi, tana yawo ba ta da alƙibla, kuma ba ta ratsa bulo. Wadda ake tsoro ita ce mai tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo hawa-hawa, bakinta ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Ka fita waje ka duba daidai wurin: in ta fito ta bayan bango, ta ratsa ke nan. In faɗinta ya kai milimita 5, wato tsinken ashana na shiga yana wasa, kada ka sayi gidan sai injiniya ya tona gefen harsashi ya gani. Ka buɗe kowace ƙofa ka rufe, wadda take cijewa ko aka feƙe ƙasanta tana ba ka labari. Ka zuba ruwa kofi guda a tsakar ɗaki ka ga inda ya nufa. Na taɓa duba wani gida irin wannan inda bango ɗaya tak ya sha sabon fenti, sauran duk tsoho. Na sa aka ɗan kankare da cokalin gini, sai ga tsaga an cusa mata takardar buhun siminti an shafe da filasta. Mai gidan yana tsaye yana rantsuwa bai san da ita ba, alhali fentin ko wari bai daina ba.

Sai wai ambaliya ba ta hawa tudu. Wa ya ce hawa za ta yi? Saukowa take yi. Ƙasar gona tana shan ruwan sama, falalen dutse kuwa ba ya sha, kusan duk abin da ya sauka a kansa gangarowa yake yi nan take. Yi lissafin da kanka, kai malami ne. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ruwan milimita 50, wanda ba baƙo ba ne a watan Agusta, in ya sauka a kan kadada 1 ta dutse, mai murabba'in mita 10,000, ya zama lita 500,000, wato durom 2,500. Dutsen Kwatarkwashi kuwa ya wuce kadada ɗaya nesa. Wannan ruwa ba ya bazuwa daidai, yana da hanyoyinsa da ya saba bi tun kafin a kafa garin, shi ya sa za ka ga tsofaffin unguwanni sun kauce musu. Sababbin filaye ne ake yankawa a kan hanyar ruwa, domin su ne suka rage, kuma da rani ake sayar da su lokacin da komai ya bushe ƙayau. Ka ɗaga kai ka dubi jikin dutsen da ke bayan gidan. Baƙin zane da ya sauko daga sama sawun ruwa ne. In ya nufo katangarka, ka nemi lambatun da aka gina don ya karkatar da shi. In babu, katangar ce lambatun. Ka duba gindin bango ko akwai farin gishiri da fenti mai ɓarewa, ka duba ko ƙasa ta zaizaye har harsashi ya fito. Ka kuma dubi manyan duwatsun da ke ɗore a sama, ka tambaya ko ana haƙar marmara ko fasa dutse a ƙarƙashinsu.

Na uku, wai ruwa a gindin dutse yake kwana. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma ka haƙa har kuɗinka su ƙare ƙura kawai ke fita. Wannan yanki namu na gabashin Zamfara a kan tsohon dutse mai tauri yake, wanda shi kansa ba ya riƙe ruwa. Ruwan yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da cikin tsagoginsa. In ka dace da tsaga ka samu, in ka kauce mata da 'yan mitoci ka tashi a tutar babu, ko da maƙwabcinka na da burtsatse mai ambaliya. Nan ne masu sanda da masu ɗora kwakwa a tafin hannu suke cin kasuwarsu. Mutum ya zagaya fili yana lumshe ido, ya ce a haƙa nan, ya karɓi kuɗinsa. In an samu ruwa ya ce aikinsa ne, in ba a samu ba ya ce aljanun dutse sun janye shi. Haba! Akwai na'urar awon ƙasa da lantarki, akwai waɗanda suka karanci ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma kuɗin awon bai kai ko kusa da asarar rami ɗaya busasshe ba. Ita ma na'urar ba ta ba da tabbaci ɗari bisa ɗari, amma tana rage caca. Hanya mafi arha ma ita ce ka tambayi 'yan garuwan unguwar daga ina suke ɗebowa a watan Afrilu, kuma nawa jarka take kaiwa.

Akwai abin da ko dillali ɗaya bai taɓa ambata wa mai saye ba: masai. Inda dutse yake kusa da sama, ramin sokawe ba ya zurfi kuma ba ya tsotsewa, kullum cikin kwasa kake. Mafi muni, ƙazantar tana bin saman dutsen a ƙarƙashin ƙasa ta gangara, ta faɗa rijiyar da ke ƙasa da ita. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, masan kuma ya kasance ta gangare. A dutse mai tsagogi ko wannan tazarar ba ta isa a saki jiki ba. Ka dubi masan maƙwabcin da ke sama da kai, ba naka kaɗai ba. Wanda ya ga yadda amai da gudawa ya yi ɓarna a jihar nan a 2021 ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Ka kuma je gidan bayan isha'i a lokacin bazara, ka ji yadda dutse ke amayar da zafin da ya sha da rana.

Kada ka ɗauka na wanke gidan Tsafe. Fili ma yana da nasa: ko kwari ne da ruwa ke kwanciya, ko tsohon kududdufi aka cike da shara aka yi gini. Gwajin duka ɗaya ne. In gidan yana bakin babbar hanya, ka auna: dokar hanyoyin tarayya ta keɓe mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane gefe, ga kuma aikin mayar da hanyar tagwaye.

Takarda kuwa, sa hannun mai unguwa da shaidu yana da amfani, amma shaidar ciniki ce kawai. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma sayar da gida mai shahadar mallaka yana buƙatar amincewarsa. Ka kai lambar takardar ofishin ZAGIS, wato hukumar rajistar filaye ta jihar Zamfara, a Gusau a bincika, ko da za su sa ka yi ta safa da marwa, ka daure. In takardar ta girmi 1996, daga tsohuwar jihar Sakkwato ta fito, a tabbatar tana cikin rajista. In gidan gado ne, ka ga takardar rabon gado ta kotu, kowane magaji kuma ya sa hannu, har matan.

In ka matsa in zaɓa maka daga abin da ka rubuto: wanda saura shekara 2 ya bar aiki bai kamata ya sayi gida don kusancin ofis ba, domin zaman ritaya ya fi tsawo, kuma lokacin asibiti da ruwa da kasuwa za su fi damunka. Gida mai tsaga, jingine da dutse, da dillali mai gaggawa, ni ba zan sa kuɗin gonar gado a ciki ba sai an tona harsashinsa a kusurwa biyu, ta baya da ta gaba, na ga abin da kowacce ta zauna a kai. In mai gidan ya yarda a tona, ka biya injiniya da lebura, ka kuma jira ruwan sama mai ƙarfi ka je da lema ka tsaya a bayan katangar. In ya ƙi, ka nemi wani gidan a cikin garin Kwatarkwashin, ko ka ɗauki injiniyan ku wuce Tsafe.